Galahanga a Mubi: A Kai Yaro Cibiyar Horo Ko a Jira?

A gidaje da dama na Mubi, daga Lokuwa zuwa Wuro Patuji, akwai yaron da ya cika shekara uku bai taɓa cewa "mama" ba. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, amma da an motsa ledar biskit a ɗaki na gaba sai ga shi a guje. Yakan wuni yana jera marafan kwalba a layi, in aka gusar da guda ɗaya ya fashe da kukan da ba ya jin rarrashi. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya ja hannun uwarsa ya ɗora a kan randa, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Kaka ta ce nauyin baki ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba. Maƙwabciya ta ce a nemo rubutu. Wani ƙanen uba da ke aiki a Abuja ya bugo waya ya ce akwai cibiyar da ake horar da irin waɗannan yara, a kawo shi tun da wuri.

Nan iyaye suke tsayawa a tsakiya. Horon yana da tsada, wurin yana da nisa, kuma kowa da abin da yake faɗa game da amfaninsa.

Mece ce galahanga?

Likitoci suna kiranta otizim, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma galahanga, kodayake akan ji an yi amfani da wannan kalma ga wasu larurori daban, kamar larurar Down. Abin da ake nufi a nan shi ne bambanci a yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma tun daga farkon rayuwa, wanda yake bayyana ta fuska biyu. Ta farko wahalar mu'amala da mutane: haɗa ido, nuna abu da yatsa, amsa kira, musayar magana, wasa da tsara. Ta biyu maimaita abu ɗaya da manne wa tsari ɗaya: kaɗa hannu, juyi a wuri guda, ƙin cin komai sai abinci kala biyu, toshe kunne in an tada janareta ko keke ya danna ham.

Likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner ya bayyana ta dalla-dalla a 1943 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bayan ya lura da yara 11. Daga baya aka gane cewa mataki-mataki ce. Wani yaron ba zai taɓa magana da baki ba, kuma zai bukaci mai kula da shi har girmansa. Wani kuma zai haddace izu goma, ya yi fice a lissafi, amma ya kasa gane cewa abokinsa wasa yake yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da ita, kuma an fi ganinta ga maza, kusan ninki huɗu na mata. Wasu masu ita suna kuma fama da farfaɗiya, ko jinkirin fahimta, ko rashin barci.

Galahanga ba taɓin hankali ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da take kawar da ita.

Abin da ke kawo ta, da abin da ake ɗora wa laifi

Mafi ƙarfin dalili shi ne ƙwayoyin halitta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya bi mutane sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya nuna gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na yiwuwar samunta. Gadon yana iya zuwa ta uba, yana iya zuwa ta uwa, yana iya zama sabon sauyi da ya faru ga yaron shi kaɗai. Wannan yana da muhimmanci a gidan da dangin miji ko kishiya suka fara cewa "daga danginta ne". Sauran abubuwan da ke ƙara yiwuwar sun haɗa da haihuwar bakwaini, wahala lokacin haihuwa, yawan shekarun iyaye, da shan maganin farfaɗiya mai suna valproate lokacin goyon ciki. In yaro ɗaya yana da ita, yiwuwar ƙanensa ya samu takan kai kusan ɗaya cikin biyar, don haka a riƙa lura da na baya.

An daɗe ana zaluntar iyaye mata a kan wannan larura. A Amurka, shekaru bayan Kanner, wasu masana sun yaɗa cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo ta. Bincike ya rushe wannan magana tuntuni.

Zargin cewa rigakafi ne ke kawo ta ya fi kusa da kunnen ɗan Arewa, wanda bai manta da ƙauracewa allurar shan inna a Kano a 2003 ba. Asalin zargin wani likitan Ingila ne, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa rahoto a kan yara 12 a mujallar Lancet a 1998. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin ƙasar kuma ta soke lasisinsa. A 2019 bincike a Denmark a kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lokaci: alamomin sukan fito tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake yawan zuwa rigakafi.

Sai maganar aljanu da sammu. Mubi gari ne na masallatai da majami'u, kuma babu likitan kirki da zai ce wa uwa ta daina yi wa ɗanta addu'a. Illar tana zuwa ne idan aka shafe shekara uku ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan ba a je asibiti ba, ko aka shiga banka wa yaro hayaƙi, ko duka, ko ɗauri. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutane sama da 300, wasunsu da mari a ƙafa, ya isa ya sa iyaye su yi hattara da duk wurin da za a karɓi yaro a rufe ƙofa.

Kafin a zo maganar horo

Ba duk yaron da bai yi magana ba ne yake da galahanga, kuma a yankin Mubi wannan gargaɗi yana da nauyi. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a kwanakin jego, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya barin yaro da kurumta ko jinkirin girma. Saboda haka gwajin ji shi ne matakin farko. Haka nan garin ya ga tashin hankali: Boko Haram ta mamaye shi a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato shi a Nuwamba, jama'a suka watsu zuwa Yola da tsaunukan kan iyakar Kamaru. Yaron da ya ga firgici, ko ya taso a hannun uwar da ke cikin ƙunci, yana iya yin shiru ya janye jiki, kuma taimakon da yake bukata daban ne.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da yake tabbatar da galahanga. Likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa ne yake zama da iyaye ya ji tarihin yaro, ya kalli yadda yake wasa da mu'amala. Ga ɗan Mubi, hanyar takan fara daga babban asibitin garin, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.

Me ake yi a wurin horon?

Kalmar "horo" tana tsorata wasu, domin a Hausa takan zo da ma'anar hukunci. A nan koyarwa ake nufi, kuma iri-iri ce. Akwai horon magana, inda ƙwararre yake koya wa yaro isar da bukatarsa, ko da baki, ko da alamar hannu, ko da miƙa hoto. Akwai horon ayyukan yau da kullum: riƙe cokali, sa riga, shiga bayi, jure aski da hayaniya. Wannan daban yake da gashin ƙashi, wanda jama'a suka fi sani. Sai kuma horon ɗabi'a da ake taƙaita sunansa da haruffan ABA, wanda shi ne ya fi tsada, shi ne kuma aka fi jayayya a kansa.

Tsarin ABA na asali mai sauƙin fahimta ne. Malama ta ajiye kofi da cokali a gaban yaro ta ce, "Ba ni kofi." In ya miƙa, ta yaba masa ta ba shi abin da yake so. In bai miƙa ba, ta kama hannunsa ta nuna masa, a sake. Haka za a yi ta yi, ana gutsuttsura kowane aiki zuwa ƙananan matakai, ana rubuta sakamako.

Inda masana suka rabu

Sunan ABA ya ɗaukaka ne a 1987, lokacin da Ivar Lovaas na Jami'ar California a Los Angeles ya ba da rahoton yara 19 da aka horar awa 40 a mako har sama da shekara biyu, tara daga cikinsu suka shiga ajin kowa da kowa suka wuce. Daga wannan rahoto ne maganar "awa arba'in" ta bazu a duniya. Sai dai yaran kaɗan ne, ba da ƙuri'a aka raba su rukuni-rukuni ba, kuma an yi amfani da tsawa da mari a cinya. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta duba nazari biyar a kan irin wannan horo mai tsanani, ta ce akwai alamar amfani amma hujjar mai rauni ce. A 2024 wani nazari da ya tattara bincike sama da 140 bai ga cewa ƙara yawan awoyi yana ƙara kyan sakamako ba.

Akwai kuma muryar waɗanda abin ya shafa kai tsaye. Manya masu galahanga da dama a Turai da Amurka, waɗanda aka horar suna yara, sun ce an tilasta musu kallon ido alhali yana musu zafi, an hana su kaɗa hannu alhali da shi suke kwantar da hankalinsu. A ganinsu, an koya musu ɓoye halinsu don jin daɗin wasu, suka girma da fargaba. Masu kare ABA suna amsawa da cewa an daina hukunci, an mayar da koyarwar cikin wasa, kuma yaron da yake buga kansa da bango ko yake faɗawa titi a guje yana bukatar wanda zai koya masa wata hanya.

Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya a wani wuri, kuma abin da zai raba gardama ga uwa da uba shi ne manufar horon. In manufar ita ce yaro ya iya cewa yana jin yunwa, ya shiga bayi da kansa, ya daina cutar da jikinsa, ya san haɗarin wuta da rijiya, to kuɗi da lokacin sun tafi inda ya dace. In kuwa manufar ita ce ya daina kaɗa hannu don kada baƙi su gane a wurin biki, to kunyar manya ake yi wa magani, yaron ne kuma yake biya.

Akan kawo misalin Temple Grandin, kuma ya dace da Mubi, garin da kasuwar shanunsa ta yi suna har Kamaru da Chadi. An haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai bayan ta wuce shekara uku. Mahaifiyarta ta samo mata malamar magana tun tana ƙarama. Ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma tsarin shingen kora shanu da ta zana ana amfani da shi a manyan mayanka na Amurka. A nan gida, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, matashi mai galahanga, ya shiga kundin Guinness a 2025 da zane mafi girma a kan ƙyalle. Misalai ne masu ƙarfafa zuciya, amma bai kamata wata cibiya ta sayar wa iyaye da su a matsayin alkawari ba.

Lissafin da ke gaban ɗan Mubi

Muhawarar awa arba'in ta ƙasashe masu inshora ce. A Amurka irin wannan horo yakan ci dala 40,000 zuwa 60,000 a shekara. A Najeriya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma masu horon magana sun taru a Legas, Abuja da wasu manyan birane. Cibiyar Patrick da Dotun Akande ta kafa a 2006 tana Legas. Taron shekara-shekara da bankin GTBank yake ɗaukar nauyi, inda ake duba yara kyauta, shi ma a Legas aka fi yin sa. Daga Mubi zuwa Yola kaɗai kusan kilomita 200 ne ta Hong, Gombi da Song, kuma kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Don haka abin da ake kira "sa yaro a cibiya" yakan zama ƙaura: uwa ta tattara ta koma gidan ɗan'uwa a Abuja ko Kano, ta bar sauran yara a hannun kaka, uba ya sayar da sa ko fili. Wata uku ko huɗu kuɗin ya ƙare, a dawo gida, abin da yaro ya koya ya fara zubewa domin babu wanda ya san yadda za a ci gaba. Wannan shi ne haɗarin da ba a cika faɗa wa iyaye ba.

Hanya ta uku: a horar da iyaye

A nan ne binciken shekarun baya-bayan nan ya fi yi wa wuri irin Mubi amfani. A Ingila, Farfesa Jonathan Green na Jami'ar Manchester da abokan aikinsa sun gwada wani tsari mai suna PACT a kan yara 152. Maimakon ƙwararre ya zauna da yaro, sai a ɗauki bidiyon uwa ko uba suna wasa da shi, a kalla tare, a nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin mu'amala ba su lura ba. A gida kuma su riƙa gwadawa kamar rabin awa a rana. Da aka koma ga yaran bayan kusan shekara shida, rahoton 2016 ya nuna alamominsu sun yi sauƙi fiye da na waɗanda ba su shiga ba. A 2016 ɗin ne kuma aka wallafa sakamakon gwada irinsa a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gama-gari ne suka koyar, ba manyan ƙwararru ba, kuma mu'amalar iyaye da yara ta inganta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina nata shirin a kan wannan tunani: zaman rukuni tara da ziyarar gida uku, ga masu kula da yara 'yan shekara biyu zuwa tara, ko da ba a kai ga tabbatar da sunan larurar ba. An gwada shi a Habasha da Kenya, kuma littattafansa kyauta ne a intanet.

Abin da ake koyarwa ba baƙo ba ne ga tsakar gida. Uwa ta riƙe ƙosai ta durƙusa daidai tsayin yaro, ta ɗan jira. Da ya dube ta, ko ya miƙa hannu, ko ya yi wani sauti, sai ta ce "ƙosai" ta ba shi nan take. In yana juya murfin tukunya, maimakon ta ƙwace, ta ɗauki wani murfin ta juya tare da shi. A yanka hoton kofi, buta da tabarma a manna a kwali, ya koyi miƙa wanda yake so. Kalma ɗaya ko biyu a lokaci guda, a wurin wanka, a wurin cin tuwo, a wurin sa takalmi. Gidan yawa yana da nasa alheri a nan, domin yayye da gwaggo da kaka duk za su iya zama malamai in an nuna musu hanya ɗaya.

Yaron Mubi yakan tashi yana jin Fali ko Gude ko Fulfulde a gida, Hausa a waje, Turanci a makaranta. Wasu malamai sukan ce a daina yi masa harshen gida, a tsaya a kan Turanci. Bincike bai goyi bayan haka ba: jin harshe biyu ba ya ƙara wa mai galahanga jinkiri, hana shi harshen gida kuwa yana raba shi da kakarsa.

Horar da iyaye ba ya maye gurbin likita ga yaron da yake da farfaɗiya ko yake raunata kansa. Akwai magunguna irin su risperidone da ake bayarwa don rage tsananin fushi, amma suna da illa, kamar ƙiba da yawan barci, kuma likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, ba mai kemis ba.

Masu alkawarin warkarwa

Duk wanda ya ce zai warkar da galahanga cikin wata kaza, da jiƙo ko allura ko ƙwayoyin da aka kawo daga waje, a guje shi. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Pennsylvania ta Amurka yayin da ake yi masa ƙarin ruwan "wanke gubar ƙarfe" daga jini. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kan wani ruwa mai suna MMS da ake tallatawa ga iyaye, wanda sinadarin bilic ne. Hana yaro alkama da madara shi ma ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja, kuma ga yaron da dama abinci biyu yake ci, yana iya jefa shi cikin tamowa.

Cibiyar gaskiya ana gane ta da tambayoyi kaɗan. Za a bar uwa ta zauna ta ga abin da ake yi? Za a rubuta manufa uku ko huɗu da za a duba bayan wata uku? Masu horon magana da na ayyukan yau da kullum suna da rajista da hukumar MRTB, wadda ke kula da waɗannan sana'o'i a Najeriya? Me ake yi in yaro ya ƙi? Me za a koya wa iyaye su tafi da shi gida? Yaron ma yana ba da tasa amsar: in bayan makonni yana firgita da ganin ƙofar wurin, ko barcinsa ya lalace, a tsaya a bincika.

Abin da jira ke jawowa

Farawa da wuri ya fi, domin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin ɗauka, kuma yaron da ya samu hanyar faɗin bukatarsa yakan rage kuka da duka. Binciken Farfesa Muideen Bakare na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Enugu ya nuna yaran Afirka sukan isa asibiti a makare, da yawansu ba sa magana. Amma ba gaskiya ba ne cewa ƙofa tana rufewa a shekara biyar. Ɗan shekara goma ma yana koyo, kuma iyayen da suka makara ba su da dalilin yanke ƙauna ko zargin kansu.

Sai kuma batun makaranta. Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. A aikace, malamin firamare mai yara tamanin ba zai iya lura da mai toshe kunne a ƙarshen aji ba, sai in iyaye sun je sun zauna da shi da hedimasta, sun roƙi a zaunar da yaron gaba, nesa da taga.

Mubi tana da Kwalejin Fasahar Lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiya na karkara, tana da Jami'ar Jihar Adamawa. Irin waɗannan ma'aikata ne suka gudanar da shirin Goa da Rawalpindi. Akwai kuma takardar tantancewa mai suna M-CHAT-R, tambaya 20 da ake yi wa uwa game da ɗanta ɗan wata 16 zuwa 30, ana gamawa cikin 'yan mintuna. Iyaye mata suna kai yara allurar ƙyanda ta biyu a wata na 15, don haka ma'aikatar lafiya ta jiha tana iya sa a ba su ranar dawowa bayan wata ɗaya ko biyu, a yi musu waɗannan tambayoyi da Hausa ko Fulfulde a asibitin unguwarsu.